Akwatin Da Ke Shigar Burtu Don Gyaran Kwamfuta

Jama'a, yau da wuya ka shiga ofis, tun daga sakatariyar ƙaramar hukuma har ofishin hedimasta, ka tarar babu kwamfuta ko da guda ɗaya bisa tebur. A cikinta a ke tsara takardar albashi, a cikinta a ke tara sakamakon jarrabawar yara, a cikinta wasiƙun shekara da shekaru su ke kwance. Ran da ta wayi gari ta ƙi tashi kuwa, sai aiki ya tsaya cik, babban akawu ya yi tagumi, a tura masinja ya kira mai gyara. To, mai gyaran nan in ya zo, da me zai fara? Abin da mu ke so mu yi magana a kansa ke nan, musamman wani ɗan akwati da wasu masu wannan sana'a su ke yawo da shi a aljihu, wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba. Ya kamata akawu da malamin makaranta su san shi, domin takardunsu ne a cikin injin da za a soka wa akwatin.

Sai mu fara da yadda kwamfuta ta ke tashi. A cikinta akwai rumbu inda a ke ajiye kome da kome, kuma a cikin rumbun nan babbar manhaja ta ke zaune, irin su Windows, wadda ita ce ke gudanad da sha'anin injin duka. Sa'ad da ka danna maɓallin kunnawa, wani ɗan ƙaramin shiri da ke manne a jikin injin, wanda a ke kira BIOS, a sababbin injuna kuma UEFI, shi ke fara farkawa. Ya duba kayan cikin injin ya ga suna nan lafiya, sa'an nan ya tafi rumbu ya taso babbar manhaja ya miƙa mata ragama. In an yi rashin sa'a babbar manhajar ta lalace, ko don an ɗauke wuta tana cikin rubutu, ko don ƙwayar cuta ta shige ta, ko don rumbun ya fara tsufa, to, babu mai karɓar ragama. Kayan gyaran da ke cikinta kuwa sun kwanta tare da ita. Dole sai an kawo wata manhaja daga waje ta tayad da injin, kamar yadda a ke kawo batirin wata mota a tayad da wadda nata ya mutu.

Shekaru da yawa da faifai a ke yin wannan aiki. Kamfanin Sony na Japan da kamfanin Philips na Holan su suka fito da faifan CD a 1982 don kiɗa, bayan 'yan shekaru aka soma zuba masa bayanan kwamfuta. A 1988 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, watau ISO, ta kafa ƙa'idar yadda za a jera fayiloli a kan faifai, ta ba ta lamba 9660. A 1995 kuma kamfanin IBM da kamfanin Phoenix suka fid da wata ƙa'ida ta yadda kwamfuta za ta iya tashi daga faifai kai tsaye. Sun sa mata suna El Torito, sunan wani gidan cin abinci ne a garin Irvine na jihar Kalifoniya ta Amurka inda injiniyoyin suka zauna suka tsara ta. Tun daga nan mai gyara ya zama ba shi rabuwa da jakar faifai: ga na sa Windows iri iri, ga na gwada ƙwaƙwalwar injin, ga na kwafe rumbu, ga na farautar ƙwayar cuta.

Wanda ya taɓa riƙon irin jakar nan ya san wahalarta. Faifai ba ya son ƙarzuwa, ba ya son zafin rana, ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabansa, ga shi mu a nan hunturu ba ya barin ko cikin akwatin ƙarfe. Sau da yawa sai aiki ya kai rabi faifai ya tuɓure, a koma farko. Gidan da a ke sa faifan ma idonsa ya kan dushe, a tsofaffin injuna kusan shi ke fara mutuwa. Ana cikin haka masu ƙera kwamfuta suka fara barinsa gaba ɗaya. A 2008 kamfanin Apple ya fito da MacBook Air ba gidan faifai, sauran kamfanoni suka bi sawu sannu sannu, har ya zama yau da wuya ka sami sabuwar kwamfutar hannu mai gidan faifai. Bugu da ƙari manhajoji sun yi ƙiba. Faifan CD megabait 700 ya ke ɗauka, DVD na kullum gigabait 4.7, Windows 11 kuwa ta haura gigabait 5, watau ta fi ƙarfinsa.

Amma ko da faifai ya tafi, hotonsa bai tafi ba. Abin da a ke nufi da hoton faifai shi ne a kwafe duk abin da ke kan faifai, daga farkonsa har ƙarshensa, yadda ya ke a jere, a dunƙule shi cikin fayil guda. Masu sana'a suna ce wa irin fayil ɗin ISO, sunan ya samo asali daga ƙa'idar nan ta 1988. Har wa yau a wannan sifa Microsoft da masu yin Linux su ke rarraba manhajarsu ta intanet. Wanda ya sauko da fayil ɗin sai ya nemi inda zai zuba shi. Yawancin mutane a filash su ke zubawa, da taimakon wata 'yar manhaja kamar Rufus, wadda Pete Batard ya fara fitarwa a 2011. Hanya ce mai kyau, sai dai kowane zubi ya kan share abin da ke cikin filash ɗin, kuma hoto guda a ke zubawa a lokaci guda. Mai bukatar kayan aiki iri goma, ko ya sayi filash goma, ko ya yi ta sharewa yana sāke zubi mai kwamfuta na zaune yana jiransa.

Shigar Burtu

Kowa ya san dabarar maharbi da ya kan ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya ya riƙa tafiya irin ta tsuntsun, har ya kusanci nama bai gudu ba. Abin da akwatin nan ke yi wa kwamfuta ke nan. Wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna IODD shi ya shahara da yinsa, kuma wani kamfanin ƙasar, Zalman, ya sayad da irinsa da sunansa, kamar ZM-VE200 da ZM-VE300. A ido kama ya ke da sauran akwatunan da a ke sa rumbu a ciki don a maƙala wa kwamfuta ta ramin USB. Ana buɗe shi a zura rumbu mai faɗin inci 2.5, irin na kwamfutar hannu. Bambancinsa shi ne yana da ɗan allo a ka, da wani maɓalli a gefe da a ke murzawa sama da ƙasa, wasu kuwa maɓallan lamba gare su.

Mai gyara sai ya buɗe jaka a cikin rumbun, a tsofaffin samfura dole sunanta ya zama _ISO, ya kwafe hotunan faifansa duka a ciki kamar yadda a ke kwafe kowane fayil. Rumbu mai gigabait 500 zai ci abin da ya fi faifan DVD 100. Sa'ad da ya isa wurin aiki, sai ya soka akwatin, ya murza maɓalli sunayen hotuna su riƙa wucewa a kan allo, in ya zo kan wanda ya ke so ya danna. Nan take kwamfuta za ta ga kamar an maƙala mata gidan faifai na gaske, an kuma sa masa faifai. In ya gama da wannan ya zaɓi wani, sai ta ga kamar an fid da faifai an sa sabo.

Yaya a ke yi kwamfuta ta ruɗu haka? Duk abin da aka soka a ramin USB, kwamfuta ta kan tambaye shi ko shi wane ne, shi kuwa ya faɗi irinsa. Filash ya kan ce shi rumbu ne. A cikin akwatin nan akwai ɗan ƙaramin inji mai nasa shiri, shi ke amsawa ya ce shi gidan faifai ne. Daga nan kwamfuta za ta riƙa yi masa magana da harshen da ta ke yi wa gidan faifai, ta ce a ba ta gutsure na kaza, domin faifai a yanke ya ke gutsure gutsure, kowanne bait 2048. Ɗan injin sai ya ƙidaya daga farkon fayil ɗin da aka zaɓa, ya ɗebo daidai wurin daga rumbu ya miƙa. Kwamfuta ba ta da hanyar gane cewa babu wani faifai da ke juyawa. Muhimmin abu a nan shi ne duk wannan ruɗi a cikin akwatin a ke yinsa. Ba a sa wa kwamfuta kome ba, ba a taɓa hoton faifan ba, yadda masu shi suka fid da shi haka ya isa gare ta. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da ta kan yi gardama da filash, in dai ta san gidan faifai na USB, sau da yawa sai ka ga ta tashi ba musu.

Akwatin yana da hali uku. Yana iya fitowa a gidan faifai kaɗai, ko a rumbu kaɗai, ko su biyu gaba ɗaya. Na ukun nan shi ya fi amfani ran ceton takardu, don mai gyara zai tayad da injin da faifan ƙarya, ya kuma kwashe fayilolin ofis ya zuba a rumbun akwatin, duka ta rami guda.

Akwai kuma wani abu da mu a ganinmu ya fi duk sauran daraja, ko da ya ke ba a cika ambatonsa ba, watau makullin hana rubutu. In aka sa shi, a wasu samfura da ɗan maɓalli, a wasu kuwa ta cikin allo, kwamfuta tana iya karanta abin da ke cikin akwatin amma ba ta iya ƙara masa ko ɗigo. Ku tuna mai gyara kullum cikin injuna marasa lafiya ya ke. Filash ɗin da ya shiga wannan ya shiga wancan kamar allura guda ce da a ke yi wa gari duka. Ƙwayar cutar Conficker da ta bazu a duniya daga ƙarshen 2008 ta bi ta filash, haka kuma Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta ɓata injunan tace makamashin nukiliya a Natanz ta ƙasar Iran. Faifan ƙarya dai dama ba ya rubutuwa, in kuma aka kulle rumbun, mai gyara ba zai ɗauko cutar ofishin kuɗi ya kai ofishin ilmi ba.

Abin Da Ya Faru A Watan Yuli Na 2024

Kada wani ya ce wannan magana ta ƙananan masu gyara ce na bakin kasuwa. Ran Jumma'a 19 ga Yuli, 2024, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan sabon fayil mai kuskure a ciki. Duk kwamfutar Windows da ta karɓe shi sai ta faɗi, allonta ya koma shuɗi, in an sāke kunnawa ta sāke faɗuwa. Microsoft ta ƙiyasta injuna wajen miliyan 8.5 abin ya shafa. Bankuna da asibitoci da tashoshin talabijin suka tsaya, kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar.

Maganin kuwa ɗan ƙanƙane ne, a share fayil guda. Amma injin da bai tashi ba, ba a iya aika masa magani ta intanet. Dole ma'aikata suka riƙa bin injunan ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, suna tayad da kowanne ta wata hanya dabam don su kai ga fayil ɗin. Microsoft ta fid da kayan ceto wanda a ke zubawa a filash ko a mai da shi hoton faifai. Manyan kamfanonin duniya, da duk dukiyarsu, sai ga su sun koma ga mutum guda tsaye gaban inji da abin tayarwa a hannu. Waɗanda suka kulle rumbunsu da BitLocker kuma sai da suka nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 na kowane inji, wanda bai san inda ya ajiye nasa ba ya daɗe a layi.

Yadda Mai Hankali Ke Bin Aiki

Kayan aiki ba ya sa mutum ya zama gwani. Babbar ɓarnar da a ke yi wa ofisoshi ita ce gaggawa: mai gyara ya zo, ya ga Windows ba ta tashi, ya ce sai an wanke, ya share rumbun ya zuba sabuwa cikin sa'a guda, a yi ta sa masa albarka. Sai washegari malam ya nemi makin ajinsa na zango biyu ya tarar wayam. Alhali sau da yawa takardun suna nan lafiya lau a lokacin da aka kira shi, babbar manhaja ce kaɗai ta sami rauni.

Wanda ya san aikinsa da ceto ya ke farawa. Zai zaɓi hoton wata Linux mai tashi daga faifai ba tare da ta zauna a rumbu ba, irin dabarar da Klaus Knopper na Jamus ya yaɗa da Knoppix tun 2000, yau kuma akwai Ubuntu da SystemRescue da wasunsu. In ta tashi sai ya leƙa rumbun injin ya kwashe takardu tukuna. Bayan haka ya tambayi rumbun lafiyarsa, domin kowane rumbu na zamani yana riƙe da lissafin kansa, wanda a ke kira SMART, inda ya ke rubuta yawan sa'o'in da ya yi aiki da yawan wuraren da suka mutu a jikinsa. In ya ga rumbun na gab da mutuwa, ko ya ji yana ƙwanƙwasa, to, kowane minti da rumbun ya ƙara yana juyawa hasara ce. Sai ya sa wata manhaja mai suna ddrescue, wadda dabararta ita ce ta fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ta bar masu wuya sai daga baya ta komo ta yi ta lallaɓa su.

In rumbu lafiya ya ke, sai ya murza maɓalli ya koma kan Memtest86+ don gwada ƙwaƙwalwar injin, wadda masu gyara ke kira ram. Wannan gwaji yana cin lokaci, wani sa'i a bar shi ya kwana yana yi, shi ya sa masu gaggawa su ke tsallake shi. Amma injin da ƙwaƙwalwarsa ke da rauni ko sau goma aka zuba masa sabuwar Windows zai ci gaba da faɗuwa, har ya riƙa ɓata fayiloli a ɓoye. Sai an wuce duk waɗannan kana a zo ga gyaran Windows da faifanta, sharewa kuwa ita ce ta ƙarshe. Amfanin akwatin ke nan a fili: duk matakan nan kowanne da faifansa, kuma in sauya faifai ya zama murza maɓalli kawai, mai gyara ba shi da hujjar tsallake ko ɗaya.

Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta tana da wani amfanin dabam. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, saboda haka makarantu da cibiyoyi da yawa suna da injuna iri ɗaya jere cikin ɗaki. Ba sai an bi kowanne an sa masa manhaja daga farko ba. Ana shirya guda ɗaya sarai, a tayad da shi da Clonezilla, wadda wata cibiyar binciken kwamfuta ta gwamnatin Taiwan ta yi ta kuma bayar kyauta, a ɗauki hoton rumbunsa a ajiye a akwatin, sa'an nan a bi sauran ana zuba musu. Sai dai a kula, lasisin Windows na kowane inji dabam ne, kwafe rumbu ba ya halatta abin da ba a saya ba.

Inda Ya Ke Da Aibi

Ba za mu ɓoye muku ba, akwatin nan yana da nasa halin. Mafi yawan kukan masu shi a kan warwatsuwar fayil ne. Rumbun da aka daɗe ana zubawa ana sharewa, in aka kawo babban fayil ba a samun fili guda da zai ɗauke shi, sai a yanka shi a cusa nan da can. Kwamfuta ba ta damu da haka ba, amma ɗan injin cikin akwatin, da ya ke ƙidaya ya ke yi daga farkon fayil, tsofaffin samfura su kan tsaya su rubuta DEFRAG a allo su ƙi aiki. Maganinsa a haɗa gutsattsarin da manhajar da ke yin haka, ko a kwashe kome a wanke rumbun a sāke zubawa a jere. Shi ya sa bai kamata a mai da rumbun akwatin wurin tara finafinai da hotunan biki ba.

Sa'an nan akwai tsarin da aka yi wa rumbun. Tsohon tsari mai suna FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, hoton Windows na yanzu kuwa ya wuce nan, don haka sai NTFS ko exFAT. A tsofaffin samfura shirin cikin akwatin iri biyu ne, kowanne da tsarin da ya sani, in ba su dace ba allo zai nuna babu kome alhali fayiloli na ciki. Wutar lantarki ma abin lura ce. Ramin USB na 2.0 miliamfiya 500 ya ke bayarwa bisa ƙa'ida, na 3.0 kuwa 900, rumbu mai juyawa kuma ya fi jan wuta a daidai lokacin da ya ke tasowa. In wutar ta gaza sai a ji yana ƙyas ƙyas bai tashi ba. Rumbun SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa, ya fi dacewa da wannan aiki, ga shi ba ya tsoron girgizar babur. Wani lokaci kuma BIOS ta kan riga akwatin shiryawa, ta duba ba ta ga kowa ba ta wuce, sai an sāke kunna injin akwatin na soke.

Shigar burtu ba ta maganin kome da kome. Faifan Windows 7 bai san ramin USB na 3.0 ba, saboda haka a sabon inji zai fara tashi lafiya, ya kai tsakiya ya ce bai ga faifai ba. Kwamfutocin Apple masu injin kamfanin na kansa, waɗanda suka fara fitowa a 2020, ba su tashi ta wannan hanya. Injin da wuta ta ƙone masa ciki kuwa, wannan aikin mai dalma ne.

Tambayar da mai ƙaramin ƙarfi zai yi ita ce, shin dole sai an sayi akwatin? A da amsar ta fi sauƙi. Amma a 2020 aka fito da wata manhaja ta kyauta mai suna Ventoy, wadda a ke sa wa filash sau ɗaya, daga nan sai a yi ta kwafe hotunan faifai a ciki, in injin ya tashi ta jero sunayensu a zaɓa. Ga malamin da ke kula da injuna biyar ko goma na makarantarsa, mu dai muna ganin filash mai kyau da Ventoy sun ishe shi, kuɗin akwatin gara a sayi rumbun ajiyar takardu da shi. Bambancin yana fitowa ne ga wanda gyara ita ce sana'arsa. Ventoy tana shiga tsakanin injin da hoton faifai da nata shirin, saboda haka injin da ke da tsaron tashi, watau Secure Boot, wanda ya zama ruwan dare tun fitowar Windows 8 a 2012, ya kan tsaya sai an yi masa rajistar mabuɗinta ko an kashe tsaron. Ofis mai tsananin doka ba ya yarda a taɓa wannan, kuma taɓa shi ya kan sa BitLocker ta nemi mabuɗin nan mai lamba 48. Akwatin kuwa ba ya sa kome a tsakani, in hoton yana da hatimin da injin ya yarda da shi sai ya wuce. Ga kuma makullin hana rubutu, wanda yawancin filash ba su da shi.

Maganar Amana

Hoton faifai shi ne abu na farko da zai mallaki injin, tun kafin wani mai tsaro ya farka, don haka in shi ne mai cutar babu mai tare shi. Ran 20 ga Fabrairu, 2016, ɓarayin intanet suka shiga shafin Linux Mint suka karkatad da masu saukewa zuwa wani hoto da suka cusa wa ƙofar baya. Masu shafin sun gane da wuri suka sanar, amma waɗanda suka sauke a ran nan sai da aka ce su watsar. Domin irin wannan ne masu fid da manhaja su ke buga wata doguwar lambar shaida, wadda a ke kira SHA-256, tare da kowane hoto. Wanda ya sauke sai ya sa kwamfutarsa ta lissafa lambar fayil ɗin da ya samu ya gwada da wadda aka buga, in ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ba shi ba ne. Hoton Windows kuwa Microsoft da kanta tana bayad da shi a shafinta ba da ko kwabo ba, lasisi ne a ke saya. Babu dalilin karɓar wanda wani ya yi wa kwaskwarima ya ce ba ya bukatar lasisi. Hotuna kuma suna tsufa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma ran 14 ga Oktoba, 2025, mai farautar ƙwayar cuta da aka sauke bara kuwa bai san cututtukan bana ba.

Abu na ƙarshe ya shafi shugabannin ofis kai tsaye. Kalmar sirrin da akawu ke bugawa kowace safiya Windows ce ke tambayarta. In aka tayad da injin da wata manhaja daga waje, ba a bi ta ƙofar Windows ba sam, kuma in ba a kulle rumbun da BitLocker ko irinta ba, duk abin da ke ciki a buɗe ya ke: albashin ma'aikata, lambobin asusunsu na banki, takardun horo, sakamakon yara. Dabarar da ke ceton takardu ita ce kuma ke iya kwashe su cikin minti kaɗan. Tun zamanin En'e ba a barin baƙo shi kaɗai a ɗakin fayil, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su.

Saboda haka in an kira mai gyara, a sa ma'aikaci guda ya zauna tare da shi har ya gama. In za a kwashe takardu, a zuba su a rumbun ofis, in kuwa dole sai a nasa akwatin, a tsaya a ga ya mayar ya kuma share kafin ya fita, a rubuta ranar da sunan injin a littafi. Sababbin samfuran IODD masu maɓallan lamba suna iya kulle rumbunsu duka da lambar sirri, yadda ko akwatin ya faɗi a tasha wanda ya tsinta ba zai karanta kome ba, kuma ya kamata a tambayi mai gyara ko nasa yana da wannan. Mabuɗin BitLocker na kowane inji kuma a buga shi a takarda tun injin na da lafiya, a rubuta lambar injin a kai, a sa a ambulan a kulle a sef tare da sauran takardun ofis masu daraja.